Jirgi Ɗaya, Kasuwa Biyu: Abin Da Baƙo Ke Yi A Lamu Da Wanda Ke Ɗauke Da Shi

Jirgin saman da ya ɗauko ka daga Nairobi ko Mombasa ba a Lamu zai sauke ka ba. A tsibirin Manda zai ajiye ka, tsallaken ruwa, ka ja kayanka zuwa bakin gaɓa ka shiga jirgin ruwa. Wanda ya biyo mota ma bai tsira ba, domin titi a Mokowe yake ƙarewa, daga nan sai ruwa. Tun kafin baƙo ya taka ƙasar garin ya riga ya faɗa hannun mai jirgi, kuma ba zai fita daga hannunsa ba sai ranar da zai koma gida.

Lamu tsibiri ne a arewacin gaɓar tekun Kenya, kusa da iyakar Somaliya. Tsohon garin ya haura shekara 700 ana zaune a cikinsa ba tare da ya taɓa zama kufai ba, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mutanensa galibi Musulmi ne, Suwahilawa da Bajuni da jikokin Larabawan Oman da Hadramaut. A ƙidayar 2019, gundumar baki ɗaya, da tsibiranta da ɓangarenta na kan tudu, mutum 143,920 ne. Ƙaramar hukuma guda a birnin Kano ta fi ta jama'a.

Wannan nazari a kan tambaya ɗaya ya tsaya: me mutum zai yi a gari irin wannan, wanda ba shi da sinima, ba shi da katafaren kanti, ba shi ma da titin mota? Amsar da na samu ita ce kusan duk abin da ake nuna wa baƙo a Lamu sana'ar wani ce, wadda yake yi don ya ci abinci tun kafin baƙi su fara zuwa. Shekarun 2011 zuwa 2021 kuwa sun gwada wannan alaƙa gwaji mai tsanani.

Garin da ake bi da ƙafa

Ranar farko ta ƙafa ce. Lungunan tsohon gari ƙunci gare su, wasu idan jaki mai kaya ya taho sai ka manne da bango ya wuce. Da gangan aka yi su haka: dogayen gidaje suna yi wa juna inuwa, iskar teku kuma tana bi ta tsakani. An gina gidajen da dutsen murjani da aka sara daga teku, aka shafe da farar ƙasa, aka yi musu azara da itacen mikoko, wato itatuwan nan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Tsawon azarar shi ke yanke faɗin ɗaki, shi ya sa ɗakunan Lamu suke dogaye amma matsattsu. Wanda ya san yadda azarar giginya ke hukunta faɗin soro a Zariya ko Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

A ƙofar gida akwai wani ɗan shigifa mai dakali hagu da dama, sunansa daka. Nan maigida ke karɓar baƙin da ba za su shiga ciki ba, aikin zaure ke nan. Ƙofofin kansu na katako ne da aka sassaƙa da furanni da rubutun Larabci, kuma har yanzu akwai masassaƙa a bakin ruwa da ke yin sababbi. Ana iya tsayawa a kalle su, ba mai kora.

Jakuna dubbai ne a tsibirin. Su ke ɗaukar yashi da bulo da buhunan shinkafa da tulunan gas, har mutanen garin suna da wani zance cewa mutumin da ba shi da jaki shi ne jakin. A 1987 wata ƙungiyar jinƙan jakuna daga Ingila ta buɗe musu asibiti a bakin ruwa, ana duba su kyauta. Bature kan tsaya yana ɗaukar hoto yana mamaki. Bahaushe ba zai yi mamakin jaki ba, asibitin ne zai tsayar da shi. A 'yan shekarun nan 'yan acaɓa sun shigo, suna zirga-zirga a hanyar bakin ruwa, kuma rigima tsakaninsu da masu kare tsohon gari ba ta kwanta ba. Saurayin da ba shi da jirgi ba shi da gona yana ganin babur ne abincinsa, masu tarihi kuma suna ganin ƙarar babur tana cinye abin da baƙi ke biyan kuɗi su zo nema.

A tsakiyar gari akwai dandalin Mkunguni, inda dattawa ke zama ƙarƙashin itatuwa, wasu na wasan bao, wasan 'ya'yan itace a cikin gurabun katako. A gefensa tsohon gidan tsaron garin yake, wanda aka fara ginawa a 1813 aka gama a 1821 da taimakon Sarkin Oman. Dalilin gina shi yaƙi ne: ba da jimawa kafin nan mutanen Lamu sun karya rundunar maƙwabtansu na tsibirin Pate da ta Mazrui, Larabawan da ke mulkin Mombasa, a rairayin Shela kudu da garin, suka kuma ji tsoron ramuwar gayya. Turawan mulkin mallaka sun mayar da ginin gidan yari a 1910, ya ci gaba da zama haka har 1984. Yau ɗakin karatu ne da wurin taro. Akwai gidan tarihin Lamu a bakin ruwa, wanda ya cancanci awa biyu, akwai kuma ɗan ƙaramin gidan waya da Jamusawa suka buɗe a 1888, wanda minti goma sha biyar ya ishe shi.

Sai abinci. Da asuba mahamri, wani soyayyen fulawa mai madarar kwakwa, da shayi mai kayan ƙamshi. Da rana shinkafar kwakwa da samaki wa kupaka, gasasshen kifi da aka luluɓe da miyar kwakwa da tsamiya. Da yamma gahawa mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi tare da halwa. Musulmin baƙo ba ya tambayar yankan wa zai ci, kuma duk inda lokacin salla ya riske shi masallaci bai fi 'yan taku ba.

Wannan duka kwana ɗaya ne, ko ɗaya da rabi ga mai jan ƙafa. Daga nan gari ya ƙare. Sauran abin yi yana kan ruwa.

Abin da iska da ruwa suka yarda

Jirgin Lamu na katako ne, mai ƙyalle guda mai kusurwa uku wanda iska ke turawa. Babban na dakon kaya shi ne jahazi, matsakaicin na kamun kifi da jigila shi ne mashua, shugaban jirgi kuma nahodha. Abin da ake sayar wa baƙo kusan iri ɗaya ne ko wane nahodha ya tare shi: fita da la'asar sakaliya a kalli faɗuwar rana ta cikin mikoko, ko fita ta wuni guda zuwa ɗan tsibirin Manda Toto, a jefa fatsa a hanya, a yi ninƙaya a kan murjani da tabaron ruwa, a gasa abin da aka kama a kan gawayi a cikin jirgin. Fatsar nan ba sandar Turawa ba ce mai maɗauri. Zare ne da ƙugiya a hannu, irin wanda yaron jirgin ya girma yana jefawa.

Amma ba kowane wata ake samun wannan ba. Shekarar Lamu iska biyu ce ke raba ta. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Maris. Lokacin ne teku ke kwantawa, ruwa ya yi garau, masunta su yi nisa, baƙi kuma su cika gari. Kusi tana zuwa daga kudu maso gabas, daga wajen Afrilu zuwa Satumba ko Oktoba, da ruwan sama a farkonta da igiyoyi masu ƙarfi. Ruwa ya gurɓace, ƙananan jirage su maƙale a cikin mashigai, wasu masaukai ma su rufe a Mayu da Yuni. Waɗannan iskoki biyu su ne suka gina garin tun asali: Kaskazi ta kawo jiragen Larabawa da na Indiya da dabino da yadi da tangaran, Kusi ta mayar da su ɗauke da azarar mikoko da hauren giwa da hatsi, da bayi ma, har zuwa lokacin da aka soke bauta a gaɓar a 1907.

Abin lura a nan shi ne, damin masunci da damin mai jigilar baƙi lokaci guda suke nuna. Watannin da kifi ke samuwa su ne watannin da baƙi ke neman jirgi. Watannin da teku ta fi hana kamun kifi, su ne watannin da baƙi suka fi ƙaranci. Saboda haka baƙo ba ya cike wa masunci gurbin rani. Gasa yake yi da kifi a kan jirgi ɗaya a kaka ɗaya. Nahodha yana tashi da safe ya auna: ya fita da taru bai san abin da Allah zai ba shi ba, ko ya ɗauki mutum huɗu da kuɗinsu a hannu ya dawo kafin magariba. Ba sai an faɗi wanda ya fi sauƙi ba.

Bayan iska sai cika da janyewar teku, sau biyu a kowace rana. Kufan Takwa ne suka fi koya wa baƙo wannan darasi. Takwa gari ne a tsibirin Manda da aka kafa wajen shekarar 1500, mutanensa suka watse a ƙarni na 17, galibi ana cewa saboda rijiyoyinsu sun koma gishiri. Masallacin Juma'arsa na nan tsaye da wani ginshiƙi a saman bangon alƙibla, ga ragowar gidaje da ganuwa a tsakanin kukoki. Hanyar zuwa wani siririn mashigi ne a cikin mikoko wanda ba ya ɗaukar jirgi sai ruwa ya kawo. Idan ka makara, ka tarar da laka. Idan ka daɗe kana ɗaukar hoto, ruwa ya janye ya bar jirginku a zaune, sai ku jira na gaba. Nahodha ba ya duba agogo don ya sa maka lokaci, wata yake dubawa. Kwanakin da wata ya cika ko ya ɓace, ruwa yana cika sosai yana kuma janyewa sosai, a tsakani kuwa sai ya yi sanyin jiki.

A kan agogon ma akwai tarko. Suwahilawa daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, don haka "saa moja", awa ɗaya, ƙarfe 7 na safe ke nan, "saa nne" kuma ƙarfe 10. Baƙon da bai tambaya da wane agogo ake magana ba zai iya yin awa shida yana jira a bakin ruwa, ko jirgi ya tafi ya bar shi.

Shela tana kimanin kilomita 3 kudu da tsohon gari, tafiyar ƙafa ta bakin ruwa idan teku ta janye, ko 'yan mintuna a jirgi mai inji. Ƙauyen masunta ne a da. Masallacinta mai hasumiya kamar kan harsashi na 1829 ne. A bayanta rairayi ya miƙe kilomita 12 babu gini, ga jigayi masu tsawo a gefe. Waɗannan jigayi ba ado ba ne kawai, su ne randar garin: ruwan sama yana nutsewa a cikinsu, rijiyoyin da ke shayar da Lamu daga ƙarƙashinsu suke ja. Duk wanda ya ga Takwa da safe ya zo ya tsaya a kan jigayin Shela da yamma zai gane dalilin da ya sa maganar sayar da filaye a kansu take tayar da hankalin mutane. Tun da otal ɗin Peponi ya buɗe a 1967, Turawa masu hali suka yi ta sayen tsofaffin gidajen Shela suna gyarawa. Gidajen sun yi kyau, magina da masassaƙa sun samu aiki, amma farashi ya wuce inda ɗan masunci zai kai hannu a garin ubansa.

Wanda yake son ganin inda jirgin ya fito sai ya nufi Matondoni, a arewa maso yammacin tsibirin. Nan ake sassaƙa jirage a bakin ruwa da gizago, ba zane a takarda, ido ne da igiya. Ana cusa auduga a tsakanin katakai, a shafe da man kifin shak don kada ruwa ya shiga. Mata kuma suna saƙar tabarmi da igiyar ɓawon kwakwa. Daga hannun masassaƙan Lamu ne Flipflopi ya fito, jirgin da aka ƙera da narkakkiyar robar da aka tsinto a bakin teku aka lulluɓe shi da tsofaffin silifa, wanda ya yi tafiya daga Lamu zuwa Zanzibar a farkon 2019. Mai kwana da yawa yana iya wucewa tsibirin Pate ya ga ganuwar Siyu da masu nutso na Kizingitini, waɗanda ke kamo manyan jatan landen teku da numfashinsu kawai. Tafiya ce mai wahala, masaukinta kuma na talaka ne.

Makon da gari ba ya barci

Sau ɗaya a shekara shirun Lamu yana karyewa. A makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal ake Mauludin masallacin Riyadha, kuma jama'a na zuwa daga duk gaɓar Afirka ta Gabas, har daga tsibiran Komoro da ƙasashen Larabawa. Wanda ya kafa shi Habib Saleh ne, sharifi ɗan asalin Hadramaut da aka haifa a Komoro, ya zauna a Lamu a ƙarshen ƙarni na 19, ya rasu a tsakiyar shekarun 1930. Malami ne kuma mai maganin gargajiya. Abin da ya bambanta shi shi ne inda ya zaɓi ya zauna: a gefen gari, cikin masu hawan kwakwa da bayi da 'yantattu, mutanen da manyan gari ba sa haɗa sahu da su a harkar ilmi. Ya shigo da karatun Mauludi mai bandiri a cikin masallaci, abin da wasu malaman lokacin suka ƙi. Yau shi ne babban taron garin. Ana musabaƙar Alƙur'ani, ana rawar sanda, ana tseren jakuna da na jirage da ninƙaya, a rufe da jerin gwano zuwa kabarinsa. Makarantar Riyadha kuma tana riƙe da tarin littattafan hannu, na Larabci da na Suwahili da ajami.

Tseren jiragen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Jiragen da ke fita su ne na su da na jigila na yau da kullum, an wanke su an gyara ƙyalle. Matasa suna rataye a kan wani katako da aka turo waje don kada iska ta kifar da jirgin. Unguwa da unguwa, ƙauye da ƙauye, ana ihu daga gaɓa. Ba don baƙo aka shirya shi ba, shi ya sa yake da daɗin kallo. Akwai kuma bikin al'adu da aka fara a 2001, galibi a Nuwamba, wanda shi an tsara shi ne da baƙi a zuciya.

Daren da aka hana kamun kifi

A Satumban 2011 'yan bindiga daga Somaliya suka shigo ta ruwa suka afka wa wani masauki a yankin Kiwayu, arewa da Lamu, suka kashe wani Bature ɗan Ingila suka tafi da matarsa. A farkon Oktoba suka ɗauke wata dattijuwa 'yar Faransa daga gidanta a tsibirin Manda, daura da Shela, ta rasu a hannunsu. Cikin wannan watan sojojin Kenya suka shiga Somaliya. Ƙasashen Turai da Amurka suka gargaɗi 'yan ƙasarsu, masaukai suka zama kango a tsakiyar kaka.

Gwamnati ta ɗauki wani mataki da ba a cika ambatonsa ba idan ana labarin yawon buɗe ido: ta hana kamun kifi da dare. Hujjarta ita ce ba a iya bambanta jirgin masunci da na ɗan ta'adda a cikin duhu. Amma masuncin Lamu da dare yake aikinsa. Da yamma yake fita ya shimfiɗa taru, ya kwana a kan ruwa, ya dawo da hantsi kifinsa bai lalace ba, tun da ƙanƙara ba ta wadata ba. Hana shi dare kusan hana shi sana'ar ne gaba ɗaya. Ga jirgi mai kasuwa biyu, an rufe duka biyun a wata guda: baƙo ya gudu, teku kuma an kulle.

Kafin a farfaɗo, a Yunin 2014 aka kai hari garin Mpeketoni da ƙauyukan kusa, aka kashe mutum fiye da 60 cikin dare biyu. Mpeketoni a kan tudu take, ba a tsibiri ba, amma sunan gundumar ɗaya ne, kuma mai karanta jarida a Landan ba ya rarrabewa. Aka kafa dokar hana fita daga magariba zuwa asuba, ta yi watanni, ta haɗa har da tsohon garin da ba a harba ko harsashi ɗaya a cikinsa ba. Garin da rayuwarsa ta dare ce, hira a dakali bayan isha'i, masu gahawa, masu gasa nama, bukukuwan aure, ya koma kamar maƙabarta. Wannan ma shiru ne, amma ba irin wanda ake tallatawa ba. Sai a 2017 aka sanar da ɗage hanin su da dare, kuma ko bayan nan masunta sun ci gaba da kukan takardun izini da binciken jami'an tsaro a kan ruwa. A Janairun 2020 aka sake kai hari sansanin soja na Manda Bay, aka kashe Amurkawa uku. Shi ma a kan tudu yake, duk da sunansa.

A ganina kuskuren da aka yi a lissafin wannan lokaci shi ne ɗaukar masunta da masu hidimar 'yan yawon buɗe ido a matsayin ɓangarori biyu, kowa da ma'aikatarsa da kasafinsa. A ƙasa mutum ɗaya ne, ko wa da ƙane, ko uba da ɗa. Yaron da ke kai baƙo Manda Toto a wurin babansa ya koyi inda duwatsun ƙarƙashin ruwa suke, kuma da dare ya koya. Shekara shida ba a fita da dare, shekara shida ke nan ba a kai yara wannan makaranta ba.

Tashar jiragen ruwa

Ana cikin wannan hali wani babban aiki ya sauka. A Maris 2012 shugabannin Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu, Mwai Kibaki da Meles Zenawi da Salva Kiir, suka aza harsashin sabuwar tashar jiragen ruwa a Kililana, cikin mashigin Manda, a matsayin bakin wata doguwar hanya ta titi da dogo da bututun mai da ake kira LAPSSET. An tsara matsayar jirage 32. Uhuru Kenyatta ya buɗe ta farko a Mayun 2021.

Don manyan jirage su samu shiga sai da aka yashe ƙasan teku, aka sare mikoko, laka ta tashi ta rufe murjani da ciyawar ruwa. Wurin da aka yi wannan aiki kuwa shi ne lafiyayyen ruwan da ke tsakanin tsibirai, inda ƙaramin jirgi ke samun mafaka ya yi su ko da Kusi tana busawa. Wato gonar rani aka ɗauka. Masunta suka kai ƙara, kuma a 2018 babbar kotu ta ba da umarnin a biya mutum 4,600 diyyar Shilin biliyan 1.76. Idan aka raba, kowa bai wuce Shilin 380,000 da 'yan kai ba, sau ɗaya tak. Kuɗin ma sun yi shekaru ba su fito ba, ana ɗaukaka ƙara, ana tantance sunaye, ana gardamar nawa za a ba da a hannu nawa za a sayo kayan aiki da shi. An ce masunta su koma su a teku mai zurfi. Mashua mai ƙyalle ba don can aka sassaƙa ta ba, jirgin da zai iya kuma ba kuɗin diyyar mutum ɗaya ne zai saye shi ba.

Wata nasara ta zo a Yunin 2019, lokacin da kotun muhalli ta soke lasisin tashar lantarki ta kwal mai ƙarfin megawat 1,050 da aka so ginawa a Kwasasi, a ɓangaren gundumar na kan tudu, bayan ƙarar da ƙungiyar Save Lamu da abokanta suka shigar. Kotun ta ce ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba, binciken illar muhalli kuma bai cika ba. Masunta da masu masaukai da masu kare tarihi a layi ɗaya suka tsaya a wannan shari'a, abin da ba kullum yake faruwa ba. Hayaƙin da zai kori baƙo da ruwan zafin da zai kori kifi daga bututu ɗaya za su fito.

Ba adalci ba ne a ce tashar sharri ce zalla. Titin Garsen zuwa Mokowe ya samu kwalta, kifi yana isa Malindi da Mombasa da wuri, kuma saurayin Lamu yana da haƙƙin ya so aikin albashi maimakon jiran iska. Ba kuma adalci ba ne baƙo ya nemi mutane su dawwama a kan jaki don hotonsa ya yi kyau. Sai dai duk wanda ya matsa daga su ya koma jigilar baƙi ya shiga kasuwar da ta riga ta cika. Shi ya sa da ka sauko daga jirgi a bakin ruwan Lamu za ka ga mutum biyar sun kewaye ka, kowa nahodha ne, kowa jirginsa ya fi. Wasu baƙi suna jin haushin wannan naci. Da sun san yawancin masu nacin da a ce ruwan bayan Manda yana nan yadda yake suna can suna jan taru, da sun sassauta fuska.

Ga mai niyyar zuwa, ciniki a nan da baki ake yin sa, kuma a gama shi kafin a hau: kuɗin na jirgi ne ko na kowane kai, da abinci ko babu, wa zai biya kuɗin shiga Takwa, kuma idan iska ta mutu akwai inji ko sai jira. A tambayi rigar ceto, musamman lokacin Kusi, domin jirage sun sha kifewa a mashigan nan. A sa sutura ta mutunci a cikin gari, ko da yake Bahaushe ba sai an gaya masa ba. Hular kofia mai aikin allura da ake ɗinkawa a nan tana ɗaukar makonni kafin a gama guda, don haka wanda ya san kuɗin zanna bukar ta hannu ba zai taya ta da farashin ta inji ba.

Ranar komawa, jirgin da zai tsallaka da kai Manda zai bi ta gaban masu sauke kifi. Idan Kaskazi ce za ka ga an jera manyan kifaye a kan siminti ana tayi, kyanwoyi na zagaye, jakuna na jiran kaya. Idan Kusi ce, 'yan kwanduna ne da ƙaguwar cikin mikoko, jirage da yawa kuma suna kwance a gefe a kan laka, masu su na ƙarƙashi suna cusa auduga.